Sa Hannun Auta

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin baya na wani kamfanin gyaran injinan ruwa a Mubi. Da za a tara mutanen da na yi wa gyara a tsawon shekarun nan, a ce su nuna wanda ya yi musu aiki, ko biyar ba za su nuna ni ba. Foman, wato shugaban ma'aikata, za su nuna. Shi ne mai tsayawa a bakin ƙofa da shuɗiyar rigar aiki, ya karɓi injin da ya ƙone, ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce a dawo jibi. Da mai inji ya ba da baya, sai ya ɗaga labule ya dire mini shi a kan tebur. Ni ce zan kwance shi, in ƙirga zagayen wayar da ta ƙone, in kankare ramukan, in shimfiɗa takarda, in naɗa sabuwar wayar tagulla zagaye bayan zagaye har yatsuna su yi kanta. Jibi mai inji ya dawo, ya ji abinsa ya tashi lafiya lau, ya kama hannun foman da hannu biyu yana sa masa albarka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni kuwa ina bayan labule ina jin su, ina naɗin na gaba.

Ba na jin haushin foman, don ba mugun mutum ba ne. Mutumin Kwaja ne, ya san haƙa, ya san zura bututu a rijiyar burtsatse, amma naɗin koyil bai taɓa cewa ya iya ba. Yakan leƙo ya ce mini, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Madam, kai ne injiniya, ni fuska ne kawai." Mai kamfanin ne ya tsara haka, wani Alhaji da fatauci ya kawo iyayensa Mubi daga yamma. Ranar da ya ɗauke ni aiki ya duba takardata ta makarantar fasaha, ya yaba, sannan ya nuna mini ɗakin baya. Ya ce mutanenmu idan suka ga mace ce ta taɓa inji, ko bai lalace ba sai sun ce ya lalace. Na shiga, ina cewa a raina shekara ɗaya ce ko biyu ya gane. Ashe ni ce ban gane ba.

Sai shekarar gudu ta zo, shekarar da 'yan bindiga suka mamaye garin. Duk ɗan Mubi yana da nasa labarin na ranar, ni ba shi na zauna bayarwa ba. Mun bi ta duwatsu da ƙafa, muka ƙare a Yola a gidan wata 'yar uwa. Maigidana malamin firamare ne mai ciwon suga, maganinsa ya ƙare a hanya, bai kuma sake miƙewa ba. A can muka binne shi. Da gari ya lafa na dawo da 'ya'yana mata biyu gidan Inna a Sabon Layi, inda na tashi. Mu biyar ne a gidan: Inna, da ni, da yaran, da ƙanena Auta.

Mun dawo muka tarar ba wuta, man janareto kuma sai wane da wane. Ƙungiyoyin agaji suka shigo suna gyara rijiyoyin ƙauyuka, amma ba irin injinan da na sani suke sawa ba. Na sola suke sawa, masu aiki da hasken rana, kuma a rufe suke zuwa, ba a kwance su balle a naɗa musu waya. Teburina da ba ya rabuwa da inji uku huɗu ya koma sai in yini ina goge filaya. Ba sai wani ya faɗa mini ba: in ban koyi sola ba, nan da ɗan lokaci sana'ata ta mutu, ga 'ya'ya biyu marayu a gabana.

Rannan sakatariyarmu ta ɗaga labule da takarda a hannu. Dattijuwa ce daga duwatsun Michika, ita da ni ne kaɗai mata a kamfanin. Ta ce wata ƙungiya za ta koyar da aikin sola na mako shida a Yola, an ba kamfaninmu gurbi biyu, kuma wanda ya gama da satifiket shi zai riƙa fita haɗa aiki a ƙauyuka.

"Sun rubuta dole ɗaya ya zama mace," in ji ta. "Ni ban san jan waya da baƙin waya ba. Saboda haka kai ne. Kwana goma za a mayar da fom."

Na karanta fom ɗin gaba da baya har sau uku. Suna, shekaru, takardar makaranta, sa hannun mai kamfani. Shi ke nan. Na cika nawa a tsaye, na kai wa Alhaji ofis.

Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce ai ba wanda ya fi ni cancanta. Sannan ya ajiye biro.

"Saura takardar maigida, Malama."

Na san da wannan dokar, amma ban taɓa zaton za ta biyo ta kaina ba. Tun kafin in zo, wai ya taɓa aiken wata ma'aikaciyarsa sayo kaya a wani gari, mijinta ya zo ƙofar kamfani ya yi ta zage-zage har 'yan kasuwa suka taru. Tun daga ranar Alhaji ya rantse ba macen da za ta kwana a wani gari da sunan aikinsa sai da izinin miji a rubuce. Mutum ɗaya ya yi hauka shekara da shekaru, mu muke biya.

"Alhaji, maigidana ya rasu," na ce. "Kai da kanka ka zo mini ta'aziyya."

"Allah ya jiƙansa, ya kyauta namu zuwan. To, mahaifinki."

"Shekara ashirin ke nan da rasuwarsa."

"Allah ya gafarta masa. To wani namiji dai a gidan. Ni fa ba hana ki nake yi ba, rigima ce ba na so."

Gurbi na biyu wani matashi aka ba, wanda ni na koya masa riƙon mita shekara huɗu da suka wuce. Matarsa na da tsohon ciki a lokacin, haihuwa yau ko gobe. Na tambayi Alhaji shi wa zai kawo masa takarda, ko matarsa ce za ta rubuta ta yarda ya bar ta mako shida. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ce Malama ba ki rabo da barkwanci. Ni kuwa ko kusa ba wasa nake ba, raina ne yake tafasa.

Na fara da Inna, tunda ita ce mai gidan, ita ta riƙe shi tun rasuwar Baba da kuɗin ƙosai da ƙuli-ƙuli. Sakatariya ta buga takarda, na shafa wa Inna tawada a babban yatsa ta dangwala. Alhaji ya karɓa da hannu biyu, ya ce uwa uwa ce, ba mai ja da ita, Allah ya ƙara mata lafiya. Sai ya miƙo mini abata. "Amma in wani abu ya faru, namiji za a nema."

Baffanmu guda ɗaya ne, ya tsallaka Kamaru lokacin gudu bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Na je wurin yayan marigayi maigidana, ya ce ai na gama takaba, na fita hannunsu, kada ya sa hannu dangina su ce ya yi shisshigi. Na je wurin mai unguwa, na jira shi tun hantsi har azahar a kan benci, ya fito ya saurare ni da kyau, ya ce shi shaida yake yi, ba waliyyi ba ne, in kawo wanda zai sa hannu shi kuma ya buga hatimi a ƙasa. Kwana shida suka tafi a wannan zirga-zirga. Kowa ya tausaya mini, kowa ya yi mini addu'a, ba wanda ya taɓa biro.

Foman ya ce, "Kawo ni in sa, in ce ni kawunka ne." Sakatariya ta harare shi, ta ce Alhaji ya san shi tun yana tura baro, yaushe ya zama kawun wani a Sabon Layi. Sai ta juyo gare ni.

"Ba kana da ƙani ba?"

Wallahi sai da ta faɗa na tuna Auta namiji ne, irin namijin da Alhaji yake nufi. Shekara goma sha huɗu na ba shi. Ranar da aka haife shi ni na share ɗakin. Inna na bakin kasko, shi yana bayana, ya yi mini fitsari a zane ba adadi. Ni na koya masa baƙi da wasali, ni nake sa hannu a katin sakamakonsa a inda aka rubuta mahaifi ko mai kula. Lokacin yana da shekara ashirin da shida, ya gama difloma, aiki bai samu ba, yana yini a majalisarsu ta bakin shagon cajin waya. Yaro ne mai sanyin hali da tsokana, kuma ba zan ci amanarsa ba: ranar gudu shi ya ɗauki ƙaramar 'yata a wuya tun daga bakin kogi har muka sauka daga dutse, bai ce ya gaji ba. Ban taɓa aikensa ya ce mini don me ba.

Sakatariya ta sake buga takarda. Washegari da safe na same shi a tsakar gida yana shan koko, na ajiye masa ita a gwiwa tare da biro, kamar yadda zan ba shi cefane.

"Sa hannu nan, sauri nake."

Ya karanta a bayyane, yana jan murya irin ta masu labarai: "Ni, a matsayina na mai kula da al'amuran wannan baiwar Allah, na amince ta tafi." Ya ɗago. "Yaya, ni ne mai kula da al'amuranki?"

Muka yi dariya mu duka, har Inna daga madafa. Sai ya sake karantawa, wannan karon a zuci. Ya linke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun gaba.

"Bari in duba," in ji shi.

Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Na ce to malam mai dubawa, in na dawo da yamma in same ta a kan gadona, na fita abina.

Da yamma ba takarda. Ya shigo bayan la'asar, ya jawo kujera ya zauna a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ya fara tambaya. A ina za a sauke mu? Maza da mata wuri ɗaya ne? Wa zai riƙa kai yara makaranta? Shi wancan matashin da za mu tafi tare, yaya halinsa? Mako shida fa ba kwana shida ba ne.

Na ce, "Auta, kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce shi ba wani abu yake nufi ba. Ya nuna wa abokansa a majalisa, sun ce kada mutum ya sa hannu a abin da bai bincika ba. "Kin ga, Yaya, in wani abu ya faru, ni za a nema."

Bai taɓa zama da Alhaji ba, amma ga maganar Alhaji a bakinsa, ko wasali bai canza ba. Kuma takardata, mai ɗauke da sunana da na marigayi, ta zaga hannun samarin bakin shagon caji, kowa ya tofa albarkacin bakinsa a kan ko in tafi ko kada in tafi. Na miƙe tsaye. Na faɗa masa abubuwan da na wanke a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ya ba ni takardata. Ya ce ai ba hana ni ya yi ba, tunani yake, ya tashi ya fita da ita a aljihu.

Na juya kan Inna, ina jiran ta kira shi ta ci masa mutunci. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kwana nawa ya rage?" ta tambaya.

"Uku."

"To ki bi shi a hankali. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Abin da na yi washegari har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na tashi na yi masa ɗanwake, abincin da ya fi so, da ƙwai da yaji. Na kai masa da kaina. Na zauna na amsa tambayoyin nan nasa duka da murya mai taushi: masaukin mata daban ne, Inna za ta kula da yara, matashin nan yaron kirki ne. Ina magana ina jin kamar in kifa masa kwanon a ka. Shi kuwa yana ci yana gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗa kan manya, wanda ban san inda ya koyo shi ba. Da ya sha ruwa sai ya ce ya gamsu, amma zai je ya ga Alhajin da idonsa tukuna.

Ranar da za a mayar da fom ya sa kaftaninsa na Juma'a da hula, muka tafi tare. Da muka shiga ofis Alhaji ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu, ya ce Malam bismillah, ya nuna masa kujerar baƙi. Shekara goma sha ɗaya ina shiga ofishin nan, ban taɓa sanin laushin wannan kujera ba. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata, suka gaisa, suka tambayi juna gida da iyali, sannan suka shiga maganata.

"Ai tana da ƙoƙari," in ji Alhaji. "Ba ni da kamarta a nan."

"Haka ne," in ji Auta. "Sai dai faɗa."

"To, sai haƙuri, Malam. Haka muke fama da su."

Suka yi 'yar dariya tare. Ina tsaye taku uku daga inda suke, ba wanda ya dube ni. Auta ya zaro takardar, duk ta yamutse, ya shimfiɗa a tebur. Kafin ya sa hannu ya ƙara layi ɗaya da rubutunsa a ƙasa, cewa bisa sharaɗin zan riƙa bugo waya gida kowace yamma. Alhaji ya karanta ya ce madalla, wannan tunani ne na magidanta. Sannan Auta ya yi sa hannun nan nasa mai doguwar jela, wanda na sha ganin yana gwadawa a bayan littafin lissafi yana aji uku. Alhaji ya jefa takardar a aljihun tebur, ya ɗauki fom ɗina ya sa hannu, abin da bai ɗauke shi ƙiftawar ido ba.

Da na fito foman yana jingine da mota. Ya dubi fuskata ya ce, "Madam, yi haƙuri. Ka samu dai." Na wuce shi da sauri, don na rantse ba zan yi kuka a ƙofar kamfanin nan ba.

Na tafi Yola. Mako shidan nan sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na hau rufi, na jera faifan sola, na koyi auna rana da lissafin nauyin da inji zai ja, malaman suna kiran sunana a gaban kowa in na yi daidai, suna kuma kiransa in na yi kuskure. Ba wanda ya tambaye ni wata takardar izini, ba su ma san da ita ba. Tana can a aljihun teburin Alhaji, ba ta taɓa fita daga Mubi ba. Kowace yamma ina bugo waya don in ji muryar 'ya'yana, kuma kowace yamma Auta ne yake fara ɗauka, ya tambayi yadda karatu yake, da wanda na ci abinci tare da shi, kafin ya miƙa musu.

Na dawo da satifiket. Ƙungiyar ta ce duk aikin da aka ba kamfaninmu, mai satifiket ne zai haɗa ya sa hannu, don haka Alhaji ba shi da yadda zai yi, ya ce in bi mota. Aikina na farko a ƙauyen Bahuli ne, rijiyar da mata suka fi shekara suna wucewa ta gabanta zuwa rafi.

Na shirya da sassafe, na sa rigar aiki a ƙarƙashin hijabi, na rataya jakar kayan aiki. Raina fari tas. Ina zuwa zaure na tarar da Auta a zaune kan tabarma yana duba waya.

"Yaya, ina za ki tun da safe haka? Ba ki faɗa mini ba."

Ba tsokana a muryarsa, ba kuma rashin kunya. Tambaya ce kawai ta mutumin da ya san yana da hakkin yin ta. Na tsaya ina kallonsa, maganganu cike da bakina. Mota tana jira a bakin titi, foman yana danna ham. Daga cikin gida na ji muryar Inna, a gajiye, tana cewa in faɗa masa mana a zauna lafiya. Babbar 'yata tana bayana da jakar makaranta, tana kallon bakina.

"Bahuli," na ce.

"To, Allah ya tsare. Ki dawo kafin la'asar."

Mun jera faifan, na haɗa wayoyin da hannuna, ruwa ya zubo tun rana tana tsaka, matan Bahuli suka yi ta guɗa suna taɓa rigata. Aikin ne ya ƙare da wuri, ba don maganarsa na yi sauri ba, Allah ne shaidata. Amma na shigo gida ladan bai kira la'asar ba, Auta yana zaure, ya dubi agogon wayarsa, ya dube ni, ya ce sannu da zuwa.